Gida Ba Tare Da Kuɗin Ruwa Ba: Kafin Ka Sa Hannu, Ka Tambayi Wa Ke Da Gidan

Duk ranar da wani banki ya saki tallar "mallaki gidanka ba tare da kuɗin ruwa ba" a Facebook ko X, kafin awa guda za ka ga matasa sun rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa ai duk kanwar ja ce, kuɗin ruwa ne aka naɗa masa rawani aka raɗa masa sunan Larabci. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa tunda bankin Musulunci ne, ka rufe ido ka sa hannu kawai. A yi ta musu har dare, kowa ya kwanta da abin da ya tashi da shi, gobe da safe kuma mai gida ya turo saƙon ƙarin kuɗin haya.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, duka ɓangarorin biyu sun tsallake abu ɗaya, wato takardar yarjejeniyar kanta. Ba sunan banki ne ke raba ciniki da bashi mai ruwa ba, ba kuma yawan kuɗin da za ka biya a ƙarshe ba. Abin da ke raba su shi ne wa ya mallaki gidan a tsawon lokacin biyan, wa zai ɗauki asara idan wani abu ya faru, kuma me zai biyo baya ranar da ka makara da biya. Mu da muke makaranta yanzu, ko muke hidimar ƙasa, ko muka fara ɗan aiki, nan da 'yan shekaru wannan takarda za ta zo gabanmu. Gara mu san ta tun kafin dillali ya tsaya a kanmu yana cewa wani na nan tafe da kuɗi a hannu.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Wani ɓangare na ruɗanin daga harshenmu yake. A Hausa idan ka ce "riba", abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa kake nufi, kuma halal ce. A Larabcin malamai kuwa, kalmar da muke rubutawa da haruffa iri ɗaya tana nufin ƙarin da ake ɗora wa bashi, wanda ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara suka haramta, a daidai wurin da aka halatta ciniki. Shi ya sa za ka ji wani ya ce "ai bankin Musulunci ma yana cin riba", wani ya ɗauka zargi ne, alhali shi banki ko kunya ba ya ji, don kasuwanci ya fito yi. Bankin da ba ya karɓar ruwa ba gidan sadaka ba ne. Yana da masu hannun jari, yana da ma'aikata, yana biyan kuɗin dizal. Tambayar ita ce ta wace hanya ya samu abin da ya samu. A nan zan riƙa cewa "kuɗin ruwa" ga haramtaccen, "riba" ga ta ciniki.

Me ya sa maganar ta yi zafi yanzu?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, lissafin gida ya rikice wa kowa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 a Nuwambar 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa, da aka amince da shi a Yulin 2024, naira 70,000 ne.

Ka ɗauki wannan misali. Gida na naira miliyan 20, ka tara miliyan 4, kana neman miliyan 16. Idan bankin kasuwanci ya ba ka a kan ruwa kashi 25, ruwan shekarar farko kaɗai miliyan 4 ne, wato sama da naira 330,000 a wata, ba ka taɓa uwar bashin ba. Ko babu maganar addini, wannan hanya a toshe take ga mafi yawanmu.

Hanyar da ke da sauƙi ita ce ta gwamnati. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1992, yana cirar kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, sannan bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ya ba da rance a kan ruwa kashi 6 har tsawon shekara 30. A 2025 kuma an fito da asusun MREIF, mai ruwan da bai kai kashi 10 ba. A ƙasar da farashi ke gudu haka, kashi 6 kamar kyauta ne. To amma ruwa ruwa ne, ko cokali ɗaya ne. Ma'aikata da yawa a Arewa sun shekara ana cirar musu kuɗin asusun nan, ba su taɓa neman rancen ba, don zuciyarsu ba ta kwanta ba. Ka ga inda gizo ke saƙa: kuɗi mai arha yana ɗauke da ruwa, wanda babu ruwa kuma a farashin kasuwa yake zuwa.

Su wa ke bayarwa, kuma ta yaya?

A 2011, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, aka fitar da ƙa'idojin bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, bayan cece-kuce mai yawa. Jaiz ya buɗe ƙofa a Janairun 2012, da rassa a Abuja da Kano da Kaduna. TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, sai The Alternative Bank a 2023. Kowannensu dole ne ya kasance da kwamitin malamai masana da ke duba ma'amalolinsa, shi ma Babban Banki yana da tasa majalisar masanan. Wato ba wanda zai ce hanya babu. Abin da ya rage shi ne ka san irin wadda aka ɗora ka a kai, don ba ɗaya ba ce.

Ta farko ita ce murabaha. Banki ya sayi gidan, ya zama nasa, sannan ya sayar maka a kan farashin da ya faɗa maka ƙarara: na saya kaza, ribata kaza, ka biya cikin shekara kaza. Da zarar an ƙulla, farashin ya tsaya cak. Ko Babban Banki ya ɗaga ma'auni gobe, ba ruwanka. Wannan ne daɗinta, kuma shi ne dalilin da ya sa banki ba ya son yin ta na dogon lokaci. Wa zai tsayar da farashi na shekara 20 a ƙasar da naira ke narkewa? Shi ya sa za ka ga wa'adinta gajere, biyan wata kuma da nauyi.

Ta biyu ita ce ijara wadda ke ƙarewa da mallaka. Gidan na banki ne, kai ɗan haya ne, a ƙarshen wa'adi a mallaka maka ta hanyar kyauta ko wani cinikin daban. Tunda gidan nasa ne, manyan gyare-gyare da inshorar takaful a wuyansa suke, kuma idan gidan ya rushe ba da sakacinka ba, haya ta tsaya.

Ta uku ita ce musharaka mai raguwa. Ku haɗa kuɗi ku sayi gidan tare, ka riƙa biyan hayar kason banki, kana kuma sayen kason nasa kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Mu koma ga misalinmu. Kai kana da kashi 20, banki na da kashi 80. A ce hayar gidan gaba ɗaya miliyan 2 ce a shekara, kuma kun shirya shekara 10. A shekarar farko za ka biya hayar miliyan 1.6, ka kuma sayi kaso na miliyan 1.6. A shekara ta biyu kason banki ya koma kashi 72, haya ta sauka zuwa miliyan 1.44. A shekarar ƙarshe hayar naira 160,000 ce kacal. Idan hayar ba ta motsa ba, jimillarta miliyan 8.8, abin da ya shiga hannun banki duka miliyan 24.8.

Akwai ta huɗu ga wanda ke da fili yana son gini, wato istisna'i: banki ya ɗauki alhakin gina maka gida mai siffa kaza a kan farashi kaza, ya nemo ɗan kwangila, kai kuma ka biya a hankali.

"Ai duk ɗaya ne": ina gaskiyar take?

Masu wannan magana ba su faɗi banza ba gaba ɗaya, kuma bai kamata a kore su da cewa ba su da ilimi ba. Gaskiya ne cewa bankunan nan suna duba ma'aunin kasuwa kafin su yanka ribarsu ko hayarsu, don haka jimillar abin da za ka biya na iya kusantar na bankin kasuwanci. A misalin da na kawo ma, biyan shekarar farko miliyan 3.2 ne, kusan naira 267,000 a wata, kusan ninki huɗu na mafi ƙarancin albashi. Halal ba ta yi maka alƙawarin arha ba.

Amma kamannin farashi ba shi ke mayar da ciniki bashi ba. Naman da aka yanka da na mushe za su iya zama kuɗi ɗaya a sikeli, wannan bai sa sun zama abu ɗaya ba. Bambancin yana fitowa ne ranar da abu ya ɓaci. A bashi mai ruwa, ko gobara ta cinye gidan, bashinka na nan yana ƙaruwa. A musharaka ta gaskiya, asarar ta ku biyu ce gwargwadon kason kowa. A bashi mai ruwa, jinkiri kuɗi yake haifa wa banki. A tsarin Musulunci, idan an sa tarar jinkiri don tsoratar da mai taurin bashi, ƙa'idar hukumar AAOIFI, wadda ke Bahrain kuma take tsara ma'aunan wannan harka, ita ce tarar ta tafi ga ayyukan jin ƙai, kada ta shiga aljihun banki.

Inda masu shakka ke da gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne idan takarda ta ce musharaka a sama, amma a ƙasa an juye maka duk asara, duk gyara, duk inshora, an kuma ɗaure ka da sayen kason banki ko da gidan ya zama toka. Nan kam rawani ne kawai. Su ma malaman da suka halatta tsarin da sharuɗɗa suka halatta shi, kuma sharuɗɗan nan su ne ake son ka nema a takarda.

Saboda haka, ranar da ka zauna gaban ma'aikacin banki, ka ajiye kunya a gida. Ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan wace irin yarjejeniya ce, murabaha ko ijara ko musharaka?" Ka tambaya ko banki zai mallaki gidan kafin ya sayar maka, ko kuɗi kawai zai tura maka a asusu. Ka tambaya ko haya za ta riƙa sauyawa, bayan wata nawa, kuma da wane ma'auni. Ka tambayi wa ke biyan takaful da babban gyara. Ka tambayi inda tarar jinkiri ke zuwa. Ka tambayi abin da zai faru idan ka rasa aiki a shekara ta huɗu: za a sayar da gidan a ba ka kasonka, ko abin da ka zuba ya bi ruwa? Idan kuma ka samu kuɗi ka so ka biya da wuri, akwai sassauci? Sannan ka nemi kwafin takardar ka kai wa malami wanda ya san fiƙihun ciniki, ka kai wa lauya. 

Ruwan da ke cikin unguwa

Muna yawan zura wa banki ido, mu manta da abin da ke faruwa a layinmu. Ka san jingina. Mutum ya matsu, ya karɓi miliyan 2 a hannun wani, ya ba shi gida ko gona ya riƙe. Wancan ya shiga gidan ko ya zuba 'yan haya yana karɓa, shekara uku, shekara biyar, ranar da mai gida ya samu kuɗi kuma ya mayar masa da miliyan 2 ɗinsa cif. To hayar shekarun nan da ya ci, sunanta me? Malamai da yawa sun daɗe suna faɗakarwa cewa bashi ne ya jawo amfani, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake gudu. Babu banki a ciki, babu Turanci, amma ruwa ne tsagwaronsa.

Haka kamfanonin gidaje da ke tallar "biya kaɗan-kaɗan" a Instagram da TikTok. Sayar da abu a kan farashin da ya fi na kuɗi hannu saboda jinkirin biya, mafi yawan malamai sun halatta, matuƙar an tsaya a kan farashi ɗaya tun ranar ƙulla ciniki. Amma idan takarda ta ce duk watan da ka makara za a ƙara maka kashi kaza a kan abin da ya rage, ka koma inda ka gudo. Sannan ka je ka ga filin da idonka. Hoton da aka zana a kwamfuta ba gida ba ne.

Takarda kafin kuɗi

Akwai katangar da ba ruwanta da halal ko haram, kuma ita ta fi tare mutanenmu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi, kuma sayarwa ko jinginar da fili mai shaidar mallaka sai da amincewar gwamna. Babu bankin da zai haɗa kuɗi da kai a kan filin awon igiya mai takardar mai unguwa kaɗai. Banki C of O yake nema. Ga shi kuwa yawancin gidajen da talaka zai iya saya a bayan gari ba su da ita. Wato ko da ka samu albashi mai kyau, ka samu banki mai tsafta, gidan da kake so na iya faɗuwa a jarrabawar takarda.

Don haka kafin ka ba da ko sisi, ka je hukumar filaye ta jiharka, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a bincika maka. Labarin fili ɗaya da aka sayar wa mutum uku ba sabo ba ne a kunnenmu, haka labarin wanda ya gina a kan hanya ko magudanar ruwa ya wayi gari da jan fenti a katanga.

Abin da ke hannunmu, da abin da ke hannun hukuma

Iyayenmu da yawa ba su taɓa shiga banki neman rancen gida ba, amma sun mallaki gidaje. Fili a bana, bulo baɗi, rufi idan an kwashe adashi, a shiga ɗaki biyu a ƙarasa sauran ana ciki. Sannu ba ta hana zuwa. Sai dai zamaninmu ya zo da sabon abokin gaba: kuɗin da ka ajiye a asusu yau, baɗi ba zai sayi abin da zai saya yanzu ba. Wanda ke tara kuɗin gida dole ya ajiye su a abin da ke riƙe daraja, ko fili mai takarda, ko kayan gini, ko sukuk ɗin gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Ƙungiyoyin haɗin kai na ma'aikata, waɗanda ke sayo fili a dunƙule su raba wa mambobi ba tare da ruwa ba, su ma hanya ce da ta fitar da mutane da yawa daga haya.

Idan ka fara aiki mai fansho, ka sani tun 2022 hukumar PenCom ta ba da dama ka yi amfani da har kashi 25 na abin da ke asusun fanshonka a matsayin kuɗin farko na mallakar gida, bisa sharuɗɗa. Akwai kuma rukunin asusun fansho na shida, wanda ba a juya kuɗinsa a harkar ruwa. Waɗannan abubuwa ne da ba a koyar da mu a aji, amma su ne za su yi mana rana.

Sauran aikin na hukuma ne, kuma nan ne ya kamata wayoyinmu su yi amfani. Ingila ba ƙasar Musulmi ba ce, amma a 2003 ta gyara dokarta don kada mai sayen gida ta tsarin Musulunci ya biya harajin hatimi sau biyu, tunda gidan yana ratsawa ta hannun banki kafin ya iso gare shi. Wannan ita ce irin tambayar da ya dace mu riƙa yi wa 'yan majalisun jihohinmu: me kuka yi don rage kuɗi da tsawon lokacin fitar da C of O da amincewar gwamna? Shi ma FMBN ya sanar da tsarin da babu ruwa a cikinsa ga masu zubi a asusun gidaje. Madalla. To a fito mana da adadin waɗanda suka amfana jiha-jiha, a faɗi sharuɗɗan da Hausar da direba da malamar firamare za su gane. Ma'aikacin da ake cirar kuɗinsa duk wata yana da haƙƙin ya samu kuɗi mai arha ba tare da an sa shi zaɓi tsakanin rufin asiri da kwanciyar zuciya ba.

Kai kuma, lokaci na gaba da tallar nan ta faɗo maka a waya, kada ka tsaya a "haram ne" ko "halal ne". Ka rubuta musu: wace yarjejeniya ce, wa ke da gidan, wa ke ɗaukar asara, ina tara ke zuwa? Bankin da ke da gaskiya zai amsa a fili. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ya riga ya ba ka amsa.

Allah Ya ba kowa muhallinsa ta hanyar halal.